Ɓarawon da Ya Tuɓe Takalmi

Ranar Juma'a, ana saukowa daga masallaci, Malam Shehu ya tura ƙyauren zaurensa ya tarar babu kwalin magani. Ya leƙa bayan alluna, ya ɗaga buzu kamar kwali abu ne da zai shige ƙarƙashin buzu, sa'an nan ya dafa bango ya yi salati.

A ƙofar gida mutum sun fi arba'in suna jira. Galibinsu tsofaffi ne masu hawan jini, sai 'ya'yan waɗanda ƙafa ta gaza. Wasu na nan cikin Kaura Namoda, wasu daga Banga, wasu sun biyo mota tun daga Shinkafi da Zurmi, kowa da takardar likita a ninke cikin leda. Maganinsu na wata uku ne a cikin kwalin nan.

Ga yadda abin ya samo asali. Shekara biyu baya, da magani ya yi tashin gwauron zabo, tsofaffi suka riƙa yanke jiki suna faɗuwa da takardar likita a aljihu, don takarda ba ta sauke jini. Patrick mai kemis ne ya kawo dabara. Maimakon kowa ya riƙa sayen ƙwaya biyar-biyar a tsada, a haɗa hannu, shi ya tafi Gusau ya saro na wata uku gaba ɗaya, ba ya ɗora ko sisi, a raba ranar Juma'a a zauren Malam Shehu, tunda ranar ce kowa ke shigowa gari. A zuwan da ya gabata ya ƙara wata dabarar. Ya bar jar ƙwayar da aka saba da ita, ya ɗauko wata fara ta wani kamfani, wadda likita ya duba ya ce maganin ɗaya ne, riga ce kawai ta bambanta. Kuɗinta bai kai rabin na jar ba. Wannan shi ne kwali na biyu na farar.

"Malam, mi ya faru?" in ji wani tsoho daga Zurmi.

"An ɗauke," in ji Malam Shehu.

Wuri ya kaure. Bilyaminu, mai sayar da magani a tebur cikin kasuwa, ba ya cikin masu jira, amma ba a taɓa rasa shi inda ake cacar baki ba. Ya gyara hula ya ce, "Ni dai tambaya guda gare ni. Duk garin nan, wa ya san inda kwalin yake, kuma ba ya masallaci sa'ad da liman ke huɗuba?"

Ba wanda ya kira suna, ba a ma bukata. Mutanen da suka shekara biyu suna haɗiyar alherin Patrick da ruwa kowace safiya suka juya gaba ɗaya suka dubi hanyar shagonsa. Haka ɗan'adam yake. A ciyar da shi shekara, a makara rana ɗaya, ranar zai riƙe. Shi kansa Malam Shehu, wanda ya san Patrick tun yana yawo da gajeren wando, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "In ba a gani ba zuwa jibi Lahadi, sai a kai magana ga 'yan sanda."

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji wata murya daga baya. "Kada wanda ya sake ɗaga ƙafa."

Yari ne. Tsoho ne dogo, ya haura saba'in, shi ma da tasa takardar a aljihu. A Gurbin Bore aka haife shi, kuma shekara talatin ya yi yana bin sawu. In an saci saniya ko raƙumi, shi ake kira. Ya taɓa bin bajimi kwana uku daga Gurbin Bore har kasuwar Shinkafi, da ya cim ma ɓarawon, mutumin ya rufe fuska da rawani don kunya, ya mayar da dabba har da goron ban haƙuri. Wancan zamani ne da ɓarawo yake da kunya, daji kuma yake da mutunci. Da daji ya lalace, masu kora shanu suka koma zuwa da rana tsaka a kan babura, Yari ya kwashe iyali ya dawo Kaura. Sawun babur ɗari ba abin bi ba ne.

Ya duƙa a bakin zaure da ƙyar, gwiwa na ƙara. An yi ruwa daren Alhamis, ƙasa na da laima, amma taron ya riga ya tattake ƙofar. Ciki kuwa rairayi ne Malam ke shimfiɗawa, kuma ban da shi ba wanda ya shiga. Yari ya daɗe yana kallo. Ga sawun Malam, ya san shi. Ga kuma wani sawu, ƙafa tsirara, faffaɗa, yatsu a warwatse, diddige da faso mai zurfi har ya bar zane a rairayi. Ya shiga da sauƙi, ya fito da nauyi. A daidai dokin ƙofa, gefen da ba a taka ba, ga alamar takalmin roba guda biyu a jere, inda aka aje su.

Ɓarawo ya tuɓe takalmi kafin ya shiga zauren malami.

Ya zaga bayan dalbejiyar ƙofar gida ya ga inda aka jingine keke. Tayar baya an ɗaure ta da roba a wuri ɗaya, kowane juyi sai ta bar ƙulli a ƙasa. Ya bi ƙullin taku hamsin, har bakin kwalta. Daga nan babura sun share komai.

Ya dawo ya sake leƙa zaure. A kan taga, kusa da inda kwalin yake, ga wata leda.

"Malam, wannan fa?"

"Nawa ne. Jar ƙwayar nan ce. Ɗana ya aiko mini daga Sakkwato, na wata shida."

"A nan take tun safe?"

"Tun jiya."

Yari ya jinjina kai.

*

Ya tarar da Patrick ya janyo ƙofar shago rabi, yana sauke kwalabe daga kanta yana jerawa a kwali. Wasu samari na tsaye a tsallaken titi suna kallo, irin kallon da ba na ciniki ba.

"Ɗan Reluwe, ƙaura za ka yi daga Kaura?"

Patrick bai yi dariya ba. Mutum ne gajere mai furfura, ya ba sittin baya. Ubansa mutumin Kafanchan ne, makanikin jirgin ƙasa, a gidajen ma'aikatan reluwe na nan garin aka haife shi, kuma Hausarsa ta Zamfara ce tsantsa.

"Baba Yari, yara sun daɗe suna cewa in dawo gida. Ina ce musu nan ne gida. Yau na ji amsa." Ya aje kwalba. "In ɗan sanda ya tako shagon nan saboda maganin tsofaffi, wallahi ba ni ƙara sati a garin ga. Ba tsoro ba ne. Ba ni iya haɗa ido da mutane."

Yari ya zauna a benci. Ta ƙofar yana hango tsohuwar tasha, ciyawa ta cinye layin dogo, awaki na kwance inda ake tara buhunan gyaɗa. Ya tuna ranar da ya fara shigowa garin nan yana saurayi, a bayan sawun wata karsana, ƙishirwa ta kusa kashe shi. Uban Patrick ne ya ba shi ruwa a kofin silba, ya zaunar da shi a inuwar tarago, bai tambaye shi addininsa ba, shi ma bai tambaya ba. A lokacin jirgi na kuka da hantsi duk gari ya ji, Bayarabe da Ibo da Bazamfare na cin tsire a faranti guda. Yanzu jirgi ya tafi, ya tafi da wani abu da ba a san sunansa ba sai da aka rasa.

"Tuɓe takalminka," in ji Yari.

"Kai ma?"

"Tuɓe dai."

Patrick ya cire sau-ciki da safa. Ƙafa ce siririya, yatsu a matse kamar 'ya'yan dabino a leda, diddige sumul.

"Wannan ƙafa ba ta taɓa sanin kunyar gero ba," in ji Yari. "Mai da abinka. Ba kai ba ne."

"Sai da ka duba ƙafata ka sani?"

Maganar ta soki Yari, don gaskiya ce. Ya ce, "Ni na sani. Ƙasa nake so ta yi shaida, don su ba su jin maganar mutum. Ka ba ni zuwa Lahadi. Kada ka ɗaure kwalayen nan."

*

Mutane sun ce an ga Imrana ɗan acaɓa a ƙofar Malam wajen azahar, kuma shi ne ya ɗauko kwalin daga tashar mota da safe, ga shi da sabuwar waya. Yari ya same shi a majalisarsu bayan la'asar, ya kishingiɗa a kan babur.

"Baba Yari, an ce kana duba ƙafafun mutane. Ga tawa, kyauta." Ya miƙo ƙafa, 'yar ƙarama, da ƙunar salansar babur a ƙauri.

"Mi ya mai da kai gidan Malam da azahar?"

"Wata tsohuwa na kai maƙwabta. Baba, don Allah, in saci maganin hawan jini in kai ina? Ni jinina ko hawa keke bai iya ba. Da abin sa maye ne a kwalin, to sai ka fara da majalisar nan."

Abokansa suka kwashe da dariya. Abin kuka ne, amma su dariya suka yi.

"Wayar fa?"

"Wana ya aiko daga Legas. Kira shi ka ji."

"Ka ga kowa?"

Imrana ya sosa ƙeya. "Keke dai na gani jingine a dalbejiya, da buhu a sirdin baya. Irin keken mutanen ƙauye, wanda ko ɓarawo ya gani sai ya yi masa addu'a."

*

Asabar da safe Yari ya shiga kasuwa. Bilyaminu na ƙarƙashin lema, ya baza magunguna a rana kamar mai shanyar kuɓewa.

"Baba, ka makara. Ni a sahun farko na yi salla, bayan liman. Ladan shaida ne."

"Na tambaya, haka ne," in ji Yari. "Ba don haka na zo ba. Da kai ne, da ba ka bar ledar Malam a taga ba. Jar ƙwaya ta wata shida, a hannu ɗaya za a ɗauka, kuma ita ce kasuwa ke nema ido rufe. Ko makaho a sana'arku ya san haka."

"To ka gani."

"Na gani. Wanda ya shiga zauren nan ya ga ja, ya ga fara, ya bar mai tsada ya ɗauki mai arha mai nauyi. Ba son farar yake ba. Tsoronta yake. Wa ya koya wa mutane tsoronta?"

Bilyaminu ya kau da kai yana kore ƙuda daga kan kwalba. "Ni ra'ayina na faɗa. Abu ya yi arha haka, ai alli ne. Mai arha ba ya ado."

"Ka gwada?"

"Ba sai na gwada ba."

"Tun da aka fara tafiya Gusau ciniki nawa ka rasa?"

"Baba, wannan ba tambayar mai bin sawu ba ce."

"To ga ta mai bin sawu. Cikin waɗanda ka gaya wa alli ne, wa ya saurare ka bai yi musu ba?"

Bilyaminu ya sauke murya. "Atiku na Banga. Satin da ya wuce ya zo, ido ja wur. Ya ce tsohuwarsa ta faɗi, baki ya karkace, alhali tana shan farar kullum. Na ce to mi kake jira ka ji? Ya sayi ja guda uku, iyakar abin da ke aljihunsa ke nan."

Sai a lokacin Yari ya tuna. Atiku bai taɓa fashin zuwa karɓar wa uwarsa magani ba, amma jiya ba ya cikin masu jira.

"Bilyaminu," in ji shi yana miƙewa, "harshenka ya fi hannun ɓarawo tsawo. Gobe bayan la'asar ka zo zauren Malam."

*

Ya hau motar Banga da hantsi. Gero ya yi kai, dawa ta rufe mutum, amma gonakin nesa da gari duk sun koma saura ba shuka, ba mai iya zuwa. A da tun daga nan har Zurmi yakan taka da ƙafa, ya kwana a rugar da dare ya riske shi, a ba shi kindirmo a ƙwarya. Yau direba na gudu yana waige.

Atiku na gona. Tun daga ƙofar gida Yari ya ga abin da ya zo nema: ƙullin taya a ƙasa, ya shiga gida ya tsaya a gindin rumbu. A wajen kuma ga faffaɗar ƙafa mai faso. Bakin rumbun an liƙe shi da sabon laka, ko bushewa bai gama yi ba. A tsakiyar damina, lokacin da kowa ke kakkaɓe gindin rumbunsa, ba mai liƙe rumbu sai wanda ya sa wani abu a ciki. Yari bai taɓa shi ba. Mai bin sawu iyakarsa ƙofa.

Ya yi sallama a ɗakin Gwaggo A'isha, uwar Atiku. Tana kwance a tabarma, hannun hagu a sake, baki ya ɗan karkace, amma hankali garau. Wata dattijuwa ramammiya na yi mata fifita.

"Yari na Gurbin Bore? Kana nan da rai?" in ji tsohuwar, magana na fita a hankali. "Saniyar wa ta ɓace?"

"Ke na zo dubawa, Gwaggo. Ya jiki?"

"Jiki ya yi tawaye. Wannan Nusaiba ce, daga Badarawa. Da aka tashe su ta zo da zane ɗaya. Ɗakin can muka ba ta."

Suka taɓa hirar da, ta shekarar da aka yi gyaɗa har aka rasa buhu, da yadda amare ke roƙon a kai su Kaura su ga jirgi. Can Yari ya ce, "Gwaggo, farar ƙwayar nan, kina sha kullum?"

Matan biyu suka dubi juna.

"Kada ka gaya wa Atiku," in ji tsohuwar. Ta nuna wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Nusaiba ta jawo ta buɗe. Cike yake da farar ƙwaya, kowace an raba ta biyu da reza.

"Ita ma ciwon gare ta, an gaya mata a asibiti, kuma ba ta da kowa. In haɗiye guda tana kallona? Sai na ce rabi ni, rabi ke. In kuma kai bai sara ba, mu bari sai gobe, don ya kai mu."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo farar. Na ga ta yi arha, na ce ashe Allah ya kawo rabon mutum biyu."

Yari ya rufe ido. Ya ga mugunta iri-iri a daji, ba wadda ta taɓa yi masa ciwo kamar wannan alherin. Magani ba tuwo ba ne da za a gutsura wa baƙo. Amma wa ya taɓa zama ya gaya wa tsohuwar haka?

"Gwaggo, ara mini guda biyu. Kuma ki yafe ni, sai Atiku ya ji. Akwai wanda za a kora daga gari a kan wannan gwangwani."

Ta tura masa gwangwanin ta ce, "Ɗauki."

A hanyar fita ya haɗu da Atiku, da fartanya a kafaɗa. Magidanci ne mai kimanin arba'in da biyar, mai kunya, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Yari ya dubi ƙafarsa sau ɗaya.

"Gobe bayan la'asar, zauren Malam Shehu. Ka zo."

Atiku ya sunkuyar da kai. "To, Baba."

*

Zaure ya cika har waje. Malam Shehu na kan buzu. Bilyaminu ya sami wuri kusa da shi, Imrana ya tsaya a ƙofa yana wasa da makulli. Patrick ya zo a makare, ya zauna can gefe, mutane suka ɗan janye jiki daga gare shi. Atiku na lungu, ya haɗa kai da gwiwa.

Yari ya miƙe. "A sana'armu ba mu kiran sunan ɓarawo. Mukan bi sawu har ƙofar gida mu tsaya, mai gida ya yi magana da bakinsa. Zan faɗi abin da ƙasa ta faɗa mini. Wanda ya ɗauki kwalin nan manomi ne. Ya tuɓe takalmi kafin ya shigo, don yana ganin girman wurin. Ya bar jar ƙwaya mai tsada a taga. Ba don kuɗi ya zo ba. An gaya masa farar guba ce, ya ga abin da ya sa ya yarda, ya ce ba zai bari tsofaffi arba'in su haɗiye ta ba."

Ya buɗe tafin hannu ya aje rabi biyu a kan buzun Malam.

"Wannan daga gwangwanin wata tsohuwa na ɗauko. Wata uku tana shan rabi, tana ba maƙwabciyarta 'yar gudun hijira rabi, wata rana ma su tsallake. Likita ya ce guda, kullum. Farar ƙwaya ba ta ci amanar tsohuwar nan ba. Ba a ba ta dama ba ne."

Wani sauti ya fito daga lungu, kamar an taka wuyan rago. Atiku ya rarrafo tsakiyar zaure, ya ɗauki rabin ƙwayar yana juyawa.

"Inna ce?" ya ce. "Inna ce ke rabawa?"

"Ita ce."

"Ni kullum sai na tambaye ta, ta ce ta sha." Hawaye ya zubo masa. "Jama'a, ni na ɗauka. Yana cikin rumbuna, ko leda ban ɓare ba. Na ce in na yi magana za a ce baƙauye ne, mi ya sani. Na so in ɓoye har a koma wa ja. Wallahi ban san za a ce Patrick ne ba. Da na ji jiya, na rasa ta inda zan fara."

Sai kowa ya fara magana lokaci guda, kuma abin mamaki, duk wanda ya buɗe baki sai ya ce shi dama bai taɓa zargin Patrick ba. Imrana ya ce daga ƙofa, "Ikon Allah! To shekaranjiya aljanu ne suka taru a nan?" Bilyaminu ya lallaɓa zai fita, tsohon nan na Zurmi ya sa sanda ya tare ƙofa. "Zauna, likitan alli. Ka ji ƙarshen wa'azinka."

Malam Shehu ya yi gyaran murya. "To, alhamdu lillahi. Patrick, sai a yi haƙuri. Zato zunubi."

Patrick ya miƙe a hankali. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Atiku, tashi. Kai uwarka ka ji wa tsoro, ban riƙe ka ba. Laifina ma a ciki, na kawo sabon abu ban bi gida-gida na yi bayani ba. Matar nan ta Badarawa a kai ta asibiti a rubuta mata nata, a sa ta cikinmu." Ya juya ga buzu. "Amma Malam, kai ka yi wa babana rakiya har maƙabartarmu. Ka tsaya a rana har aka rufe shi. Shekaranjiya kalma ɗaya za ka faɗa, ka ce ba halinsa ba ne. Ba ka faɗa ba."

Ya sa takalminsa a bakin ƙofa ya tafi. Ba wanda ya iya kiransa. Yari ya ji kamar ya bi sawu kwana uku ya tarar an riga an yanka saniyar.

*

Litinin da hantsi Yari na zaune a bencin kemis. Patrick na ɗaure kwali da igiya. Yari ya gama duk maganar da ya iya tun da safe, ba ta yi amfani ba.

Sai suka ji titi ya yi shiru, irin shirun da kasuwa ba ta yi.

Malam Shehu ne tafe a tsakiyar hanya, da kwalin magani a ka. Tsoho mai shekara saba'in da biyar, wanda ko butarsa ba a bari ya ɗauka, ya naɗe babbar riga a kafaɗa, rawani ya zame, laka ta rumbu na zubo masa a gemu. Atiku na biye da shi yana tura keke yana roƙo, "Malam, don Allah kawo," Malam na ture shi da gwiwar hannu. Tun daga ƙofar gidansa ya ɗauko, ya ratsa ta gaban masu nama, ta gaban teburin Bilyaminu, ta gaban majalisar 'yan acaɓa, inda kowa zai gani. Masu shaguna suka fito suka tsaya.

Ya iso ƙofar kemis yana haki, bai sauke ba.

"Patrick," ya ce da ƙarfi, don na tsallaken titi su ji, "ba halinka ba ne. Na makara da faɗa. Daga yau a nan za a riƙa ajiya, a nan za a riƙa rabo. In kuma tafiyar za ka yi, to ka bar ni da shi a ka."

Patrick ya tsaya da igiya a hannu. Ya dubi tsohon, ya dubi jijiyar da ta taso masa a goshi tana harbawa. Ya yar da igiyar.

"Malam, kana hauka ne? Da hawan jininka?" Ya kama kwalin ya sauke, ya riƙo hannun tsohon ya zaunar da shi a benci kusa da Yari. "Ka sha na yau?"

"Ban sha ba."

"Ka ji! Malami guda." Ya juya yana dube-dube a kanta, kanta babu komai. Ya tsaya a kan kwalayen da ya ɗaure, yana ƙoƙarin tuna wanda ya sa abin awon jini a ciki.

"Baba Yari, kana zaune kamar baƙo. Miƙo wuƙar can, mu kwance su duka."